Babi na Shida: Sayen Keken Hawan Dutse Mai Shok Gaba da Baya Idan Kuɗi Kaɗan Ne

Darasi na 1: Ku san abin da kuke kallo

Ku tsaya a gefen keken, kada ku hau tukuna. Ku dubi ƙarafa biyun da suka riƙe tayar gaba. Sunansu fok. Idan taya ta ci karo da dutse, fok yakan shige ciki ya sake fitowa. Wannan shi ne shok na gaba. Yanzu ku sauke ido ƙarƙashin sirdi. Idan kun ga wata 'yar kwalbar ƙarfe, ko sifirin a nannaɗe, da ta haɗa bayan keke da gabansa, to shok na baya ke nan. Keke mai duka biyu shi ne darasinmu.

A jihar Kalifoniya ta Amurka aka fara wannan hawa a shekarun 1970, inda matasa ke gangarowa daga kan dutse da tsofaffin kekuna. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da keken Stumpjumper kasuwa, kuma shi ma ba shi da shok ko ɗaya. Kekunan hawan dutse masu kyau da ke isowa kasuwanninmu yawancinsu gwanjo ne, wani ya riga ya sha hawa a kansu kafin su zo hannunmu. Shi ya sa sai mun duba da kyau.

Ku sunkuya ku karanta lambar da ke jikin taya. Za ku ga 26, ko 27.5, ko 29. Girman wili ke nan da inci. Ɗigon da ke tsakanin 27 da 5 ba datti ba ne, yana nufin ashirin da bakwai da rabi. Taya da tub na 26 sun fi sauƙin samu a wurin masu kayan keke. A jikin ƙarfen da ke ƙarƙashin sirdi kuma akwai harafi: S ƙarami, M matsakaici, L babba. Ku ɗora ƙafa ku tsaya, keken na tsakanin ƙafafunku, tafin ƙafa biyu a ƙasa. Idan ƙarfen sama ya tokare ku, ya yi muku girma.

Darasi na 2: Gwajin shok na baya

A nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, don haka za mu tafi sannu sannu. Kada wanda ya ji kunya idan bai gane da farko ba.

Ku tsaya a gefen hagu. Ku ɗora tafin hannu biyu a kan sirdi. Ku danna ƙasa da dukan nauyinku. Sai ku ɗauke hannu gaba ɗaya, lokaci guda. Ku zuba wa sirdin ido yayin da yake dawowa.

Dawowar ita ce abin kallo. Shok mai kyau yakan taso a natse, sau ɗaya, ya tsaya cak. Maras kyau yakan yi tsalle kamar ɗan akuya, har tayar baya ta ɗaga daga ƙasa, ya yi ta rawa kafin ya tsaya. Dalili kuwa, a cikin mai kyau akwai mai da ke bi ta ƙananan ƙofofi yana rage masa gudu. A cikin na araha sifirin ne kawai, ba abin da ke riƙe shi. A kan gangara mai duwatsu, irin na wajen Jos, wannan tsallen shi ke cilla mutum ta saman kan keke.

Na sha ganin ɗalibi ya danna, keke ya yi tsalle, sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, wannan akwai laushi." A'a, ɗan'uwana. Tsalle ba laushi ba ne. Mu sake. Hannu biyu a sirdi. Danna. Saki gaba ɗaya. Kalli dawowar. Ya taso sau ɗaya ya tsaya? Madalla. Ya yi rawa? Bar shi.

Wasu kuma sukan danna, amma su raka sirdin da hannu yayin da yake tasowa. Idan kun yi haka, hannunku ne ya yi aikin man, ba ku gwada komai ba. Sakin ya zama lokaci guda. Ku sake yi, ba laifi. Danna. Saki. Kalla. Yauwa, haka.

A jikin shok na kamfanin RockShox da na Fox akwai wani ɗan abin murɗawa ja. Shi ke saita saurin dawowa. Ku murɗa shi gefe guda har ƙarshe, ku danna ku saki. Ku murɗa shi ɗaya gefen, ku danna ku saki. Dole ku ga bambanci: sau ɗaya a hankali, sau ɗaya da sauri. Idan duk ɗaya ne, cikinsa ya mutu, ko da fentinsa na ƙyalli. Ku shafa yatsa a ƙarfen mai santsi da ke shiga da fita. Idan yatsa ya jiƙe da mai, yana yoyo. Idan farce ya kama karce, zai ci robar da ke tare man.

Bayan haka ku sa hannu ƙarƙashin sirdi ku ɗaga shi a hankali, ba tare da taya ta bar ƙasa ba. Ku saurara. Idan kun ji ƙwas, boris ɗin mahaɗa, inda bayan keke ke haɗe da gabansa, sun cinye. Ku kama tayar baya ku tura ta hagu da dama. Kada ta yi lilo.

Yanzu ku hau ku zauna, wani ya riƙe muku keken. Shok ya kamata ya nutse kamar kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na iya nisan da yake iya nutsewa, wato kusan kwata ko sama kaɗan. Idan ya nutse har ƙasa, ba zai ɗauke ku ba. Kafin ku bar wurin, ku sauka ku sake gwajin farko. Danna, saki, kalli dawowar.

Darasi na 3: Maganar kuɗi

Haba jama'a, sau nawa zan faɗa? Mutum ya zauna a aji ya ji duk wannan, ya je kasuwa ya ga sabon keke mai jan fenti da katon sifirin, ya manta komai ya biya. Bayan wata uku ya turo shi yana neman mai walda. Araha ba ta ado. Sabon keke mai shok biyu da ake sayarwa kusan kuɗin keken zuwa gona, ƙarfe ne mai nauyi kawai. Ku ɗaga shi ku ji. Mai kyau yakan kai kilo 13 zuwa 15. Na banza yakan doshi kilo 20, kuma rabin ƙarfin ƙafarku a rawar sifirin zai ƙare.

Kuma ku daina yarda da takardar da aka manna. Kowa na iya manna sunan Giant ko Trek a jikin ƙarfe. Ku karanta sunan da ke jikin giya, ku nemi Shimano ko SRAM. A jikin fok ku nemi RockShox, Fox ko SR Suntour. Ku rubuta sunayen nan a takarda ku tafi da ita, ku gwada harafi da harafi. Don haka muka koyi karatu.

Kada ku kashe kuɗin duka a kan keken. Shok mai iska yana da nasa ƙaramin famfo, na mai faci ba ya yi masa. RockShox sun ce a buɗe a sake mai bayan kowace awa 50 ta hawa, kuma ƙurar hunturu ba ta raga masa. Ku tambayi bakaniken unguwarku ko ya taɓa buɗe irinsa. Idan kuɗinku ba su kai gwanjo mai lafiya ba, ku sayi mai shok a gaba kaɗai. Ya fi sauƙin nauyi, ba shi da mahaɗan da za su cinye, kuma da kuɗi ɗaya za ku sami birki da giya mafi kyau. Ni shi nake ba mafi yawanku shawara.

Darasi na 4: Birki da giya

Ku matse kowane birki ku tura keken. Kada hannun birki ya taɓa kan keke. Idan mai faifai ne, ku juya taya ku ga ko faifan ya lanƙwashe. Ku hau ku canza giya duka. Ku duba wuraren walda ko akwai tsaga.

Darasi na 5: Hular kwano

Ku saya, ku ɗaure igiyar a haɓa.

Aikin gida: ku nemi keke ɗaya a unguwarku, ku kwafo lambar tayarsa da harafin girmansa a littafinku.