Idan kwamfuta ta ƙi tashi bayan ka haɗa sabon kenel na Linux

Kafin ka taɓa komai, ka koma tsohon kenel, wato zuciyar tsarin Linux da ke sarrafa sassan na'ura. Sake kunna na'urar, ka danne Shift idan tsohon tsarin tashi na BIOS take amfani da shi, ko ka rinƙa buga Esc idan sabon tsarin UEFI ne, har jerin GRUB, manhajar da ke tayar da kenel, ya fito. Shiga "Advanced options" ka zaɓi kenel ɗin da ke aiki jiya. Saboda wannan ne ba a goge tsohon sai sabon ya yi kwanaki yana tashi lafiya.

Sannan ka san inda abin ya tsaya. A kan layin sabon kenel ɗin a GRUB, danna e, nemi layin da ya fara da linux, goge quiet da splash, ka buga Ctrl da X tare. Yanzu saƙonni za su riƙa gudu a allo. Ɗauki hoton layukan ƙarshe da waya, domin kusan duk amsar tana nan.

Saƙon da ya fi yawan fitowa shi ne "VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0)". Kenel ɗin ya tashi amma bai ga diskin da tsarin yake ciki ba. Dalilin yakan zama direban diski ko na tsarin fayil an saka shi a matsayin modul da ake lodawa daban, wato =m a cikin .config, fayil ɗin saitin haɗa kenel, alhali shi modul ɗin yana kan diskin da ake son buɗewa. Kamar makulli ne da aka kulle a cikin ɗaki. Initramfs, ƙaramin tsarin fayil da GRUB ke lodawa tare da kenel, shi ne ke warware wannan, domin shi ke ɗauke da waɗannan modul ɗin tun farkon tashi. Daga tsohon kenel, duba /boot ko akwai fayil ɗin initramfs, wato initrd.img, mai lambar sabon kenel. In babu, tabbatar ka yi make modules_install, sannan a Ubuntu ko Debian ka yi update-initramfs -c -k tare da lambar kenel ɗin daidai yadda take a /lib/modules, ka bi shi da update-grub. A Fedora dracut ake amfani da shi, a Arch kuma mkinitcpio.

Idan ba ka son initramfs, dole waɗannan su zama =y, wato a gina su cikin kenel ɗin kansa: CONFIG_EXT4_FS ko na tsarin fayil ɗin da kake amfani da shi, CONFIG_BLK_DEV_NVME ga diskin NVMe, CONFIG_SATA_AHCI da CONFIG_BLK_DEV_SD ga SATA. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe: kenel shi kaɗai bai san root=UUID= ba, initramfs ne ke fassara shi. Sai ka koma root=PARTUUID= a layin linux na GRUB, lambar kuwa umarnin blkid zai ba ka. Diskin da aka kulle da LUKS ko aka tsara da LVM ba zai buɗu ba sai da initramfs.

Masu sayen laftof na hannu a Banex da ke Wuse 2 su lura da abu guda. Wasu na'urorin Intel na baya-bayan nan suna zuwa da VMD, wata fasahar Intel ta sarrafa diski, a kunne a BIOS, kuma diskin NVMe yana ɓuya a bayansa. Ba tare da CONFIG_VMD ba, kenel ba zai gan shi ba ko da direban NVMe yana nan. Umarnin lspci -k a tsohon kenel zai nuna maka direban da kowane sashe ke amfani da shi. Bi jerin ɗaya bayan ɗaya ka duba a .config.

Ni dai ban ba wa mai koyo shawarar fara da make localmodconfig ba. Modul ɗin da ke lode a wannan lokacin kawai yake bari, duk abin da ba a jona ba sai ya yar da direbansa. Ya fi aminci ka kwafi /boot/config na kenel mai aiki zuwa .config, ka yi make olddefconfig, sannan ka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan.

Idan GRUB ya ce "bad shim signature", Secure Boot, tsaron UEFI da ke tantance abin da za a tayar, shi ne ya ƙi kenel ɗin da ba shi da sa hannu na dijital. Umarnin mokutil --sb-state zai tabbatar. Ko ka kashe shi a UEFI, ko ka sa hannu da sbsign ka shigar da makullinka da mokutil --import.

Baƙin allo kuma ba lallai na'urar ta mutu ba. Danna Caps Lock. In fitilarsa na amsawa, tsarin na raye, hoto ne kawai babu. Ƙara nomodeset a layin GRUB ka gwada. In ta tashi, duba CONFIG_FRAMEBUFFER_CONSOLE, kuma ka mayar da amdgpu ko i915 zuwa =m, saboda suna neman fayiloli daga /lib/firmware waɗanda ba a kai ga gani ba a farkon tashi. Daga tsohon kenel, journalctl -k -b -1 zai nuna saƙonnin tashin da ya gabata, muddin ya kai ga rubutawa a diski.

Akwai matsala biyu da ba su da alaƙa da .config. Ta farko cikar /boot: modul masu bayanan gano kuskure suna kumbura initramfs zuwa ɗaruruwan megabayit, sai a rubuta rabi. Duba df -h /boot, ka sake da make INSTALL_MOD_STRIP=1 modules_install. Ta biyu ɗauke wuta. Idan aka ɗauke ana tsakiyar make install, musamman a na'urar da batirinta ya mutu, fayil ɗin initramfs zai iya yankewa. Gwada lsinitramfs a kansa. In ya yi kuka, sake gina shi, kuma a gaba ka yi wannan matakin a kan inbata ko UPS.

In tsohon kenel ma ya ɓace, tashi da filas mai Linux, ka ɗora ɓangaren tsarin a /mnt, da /boot/efi a ƙarƙashinsa, ka haɗa /dev da /proc da /sys da mount --bind, ka yi chroot /mnt don ka shiga cikin tsarin da ke kan diskin. Daga nan apt install --reinstall na kunshin linux-image, sai update-grub.