Yadda Ake Ziyartar Fadar Zazzau da Ganuwar Birnin Zariya

Mutane da yawa sun yi shekaru a Samaru ko Kongo suna karatu, wasu kuma sun zauna a Sabon Gari suna kasuwanci, amma har suka bar Zariya ba su taɓa shiga Ƙofar Doka da niyyar kallon birnin ba. Duk wanda ya ƙuduri yin wannan ziyara, abin da ya kamata ya fara sani shi ne fadar Zazzau ba gidan adana kayan tarihi ba ce da ake yankar tikiti a shiga. Gidan sarki ne da ake zaman fada a cikinsa, ake sauraron koken talakawa, ake naɗa hakimai, kuma iyalin sarki suna zaune a ciki. Saboda haka abin da baƙo zai gani ya dogara ne ga lokacin da ya zo da irin ladabin da ya zo da shi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma a fito da sassafe kafin rana ta take. Da damina lunguna sukan yi taɓo, ciyawa kuma ta rufe abin da ya rage na ganuwa. Wanda yake son ganin sarauta da dukan adonta sai ya bari sai sallah, lokacin Hawan Sallah da Hawan Bariki da Hawan Daushe, inda hakimai ke zuwa da dawakansu su yi jahi a gaban sarki, ga 'yan lifidi, ga masu kakaki da algaita da tambari. Sai dai a irin wannan rana cunkoso ba zai bar mutum ya tsaya ya duba gini ba. A ganina gara a zo sau biyu, a ware wa gine-gine ranarsu, a ware wa hawa tasa.

Kafin a fita, yana da kyau a riƙe ɗan tarihi a ka, domin idan babu shi ganuwa tudun ƙasa ce kawai. Zazzau ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, kuma bisa tarihin da aka gada, Bakwa Turunku ce tushen gidan da ya haifi Sarauniya Amina da ƙanwarta Zariya, wadda birnin ya ci sunanta. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya fara a 1804, Malam Musa Bamalle ya karɓo tuta ya ci birnin, Sarki Makau kuma ya yi kudu da mutanensa zuwa wajen Zuba. Ƙanin Makau, Abu Ja, shi ne ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yau ake kira Suleja. A Zariya kuwa, daga nan sarauta ta riƙa zagayawa tsakanin gidaje huɗu, wato Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Wanda ya riƙe sunayen gidajen nan zai fahimci yawancin hirar da zai ji a ƙofar fada, domin da su ake auna kowane basarake da kowace tsohuwar unguwa.

A fara da ƙofofi. Mai zuwa daga Tudun Wada ta Ƙofar Doka zai shiga, sauran kuma sun haɗa da Ƙofar Kibo ta wajen Tukur-Tukur, da Kuyambana, da Gayan, da Kona, da Bai, da Galadima, da Jatau. Kada baƙo ya yi mamaki idan ya ji ana cewa “Ƙofan Doka” ko “Ƙofan Gayan”, haka Zazzaganci yake, kuma gyara wa Bazazzagi sunan ƙofar garinsu ba dabara ba ce. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki shatar keke napep, a yi ciniki tun kafin a hau, a gaya wa mai keken cewa za a riƙa tsayawa. Ya fi kyau a samu direba ɗan cikin birni, domin shi ya san inda badala ta saura.

A nan akwai abin da ya kamata a faɗa ba tare da ɓoye-ɓoye ba: ganuwar ta ci jiki ƙwarai. Ruwan sama ya zaizaye ta, masu ɗibar ƙasa sun rage ta, gidaje kuma sun hau kanta a wurare da dama, sannan ƙofofin da ake gani yau yawancinsu an sake gina su da siminti. Duk da haka, idan aka sauka aka bi gefen ƙofa da ƙafa, za a tarar da wuraren da tudun jar ƙasa ya miƙe ya fi tsayin mutum, gindinsa da faɗi, samansa ya tsuke, a bayansa kuma ga kwarin da ya rage na gwalalo, wato ramin da aka haƙa aka ɗebi ƙasar ginin, ya kuma zama shinge na biyu ga mahara. A tsaya a nan a ƙiyasta yawan hannun da ya ɗauki wannan ƙasa a kwando. Kada a hau kan ganuwar don ɗaukar hoto, domin kowane taku yana ƙara zubar da ita.

Daga ƙofa sai a nufi fada ta Babban Dodo. Abin da zai fara ɗaukar ido shi ne fuskar ƙofar fada da zanenta mai launuka masu haske, da zankwaye a saman soro kamar kunnuwan zomo. Kallon waje ba ya buƙatar izini, amma kafin a ɗaga waya a ɗauki hoto, a je a gaida dogaran da ke bakin ƙofa cikin rigunansu masu ja da kore. A yi sallama, a ce “ranka ya daɗe”, a faɗi daga inda aka fito da abin da ya kawo mutum. Su ne za su nuna iyakar inda baƙo zai tsaya. Idan tawaga ce ta ɗalibai ko wata ƙungiya, ko kuma ana son a gaida sarki, to a rubuta takarda zuwa ofishin sakataren masarauta tun da sauran kwanaki, kada a zo kwatsam a ce an hana shiga.

Shiga ta kamala wajibi ce. Namiji ya sa kaftani ko babbar riga da hula, mace ta yi lulluɓi. Ana cire takalmi a inda aka ga fadawa sun cire nasu. Wanda aka yi wa iso har gaban sarki ba ya miƙa hannu sai idan sarki ne ya fara miƙo masa. Zai durƙusa ne ya yi gaisuwa ya ce “Allah ya ja zamanin sarki”, sai ya ji fadawa sun amsa a madadin sarki cewa an gaishe shi. Baƙon da bai saba ba yakan ɗauka an yi banza da shi ne, alhali kuwa amsar ke nan, kuma girmamawa ce. Idan wani bafade ya zagaya da mutum ya yi masa bayani, ɗan abin goro a lokacin sallama al'ada ce, a ba shi a sirrance ba a gaban jama'a ba.

Sarkin da ke kan gado, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, shi ne na 19 a jerin sarakunan Fulani, an naɗa shi a Oktoban 2020 bayan rasuwar Alhaji Shehu Idris wanda ya yi mulki tun 1975. Naɗin nasa ya mayar da sarauta gidan Mallawa bayan shekara ɗari, tun da Turawa suka tuɓe Sarki Alu Ɗan Sidi suka kai shi Lakwaja. A lokacin naɗin nasa, masu zaɓen sarki su biyar ne: Waziri, Fagaci, Makama Ƙarami, Limamin Juma'a da Limamin Kona.

Daura da fada akwai masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu na gidan Katsinawa, wajen shekarun 1830. Wannan gini ne ya ɗaukaka sunan maginan Hausa a duniya, saboda yadda aka rufe fili mai faɗi ba tare da ƙarfe ko siminti ba. Dabarar ita ce bakan gizo: ana jera azara, wato itacen giginya da gara ba ta ci, a dasa ta cikin gini hawa bisa hawa, kowane hawa ya ɗan zarce na ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama, sannan a lulluɓe da ƙasa a yi mata ado. A watan Agustan 2023 wani sashe na rufin ya rufta ana sallar la'asar, aka yi asarar rayuka, Allah ya jiƙansu. Tun daga nan aka shiga batun sake gina shi, don haka kada baƙo ya sa ran tarar da abin da ya gani a tsofaffin hotuna, kuma ya tambayi masu kula da wurin inda aka yarda a shiga. Irin wannan aiki na bakan gizo yana nan a wasu tsofaffin zauruka na cikin birni, kuma idan aka yi sallama aka nemi izini, masu gida sukan yi farin cikin nuna shi. Idan an shiga a ɗaga kai a dubi yadda bakunan suka haɗu a tsakiyar rufin, a kuma lura da sanyin ɗakin ko da tsakar rana.

Bayan azahar, wanda yake da sauran ƙarfi sai ya fita birni ya nufi Wusasa. A can akwai majami'ar da aka gina da ƙasa a 1929 bisa tsarin ginin Hausa, da bakan gizonta, abin da ke nuna cewa gwanintar ba ta tsaya a fada da masallaci ba. A kusa da ita Dutsen Kufena yake, inda tsohon mazaunin Zage-zagi yake kafin birnin yanzu ya bunƙasa. A tambayi mutanen unguwar halin da hanya take ciki kafin a hau, a tafi da ɗan rakiya da ruwan sha, a sa takalmin da ba ya santsi, a kuma sauko kafin magariba. Turunku kuwa, wadda ke kudu da Zariya a ƙaramar hukumar Igabi, tafiya ce ta yini guda, a ware mata ranarta, kuma a fara sauka a wurin mai garin a yi gaisuwa kafin a nufi duwatsun.