Kurakuran da aka fi yi wajen binciken barcin firosesa a Linux

Idan firosesa ba shi da aiki, kanel, wato zuciyar tsarin Linux, yakan kwantar da shi, kuma barcin hawa-hawa ne: C1 gyangyaɗi ne kawai, C6 kuwa har wutar sashen ake yankewa. A nan ne masu neman dalilin saurin ƙarewar batir, ko daskarewar kwamfuta idan an bar ta shiru, suka fi yin tuntuɓe.

Tuntuɓen farko shi ne yarda da top, umarnin da ke nuna yawan aikin firosesa. Ya nuna maka babu aiki, sai ka ɗauka an yi barci. Ina! Wanda ya kunna na'ura da zaɓin kanel na idle=poll, mai hana barci, haka zai gani, alhali firosesan yana ta kewaye wuri ɗaya yana shan wuta, fanka na ta kuka. Ka leƙa /sys/devices/system/cpu/cpu0/cpuidle/, inda fayil ɗin usage ke ƙirga sau nawa aka shiga kowane mataki, time kuma tsawon zaman. Ko wannan ma abin da kanel ya roƙa ne. Abin da ya faru da gaske sai manhajar turbostat, domin shi daga ƙirgar firosesan yake karantowa.

Sai kuskuren da ya fi ba ni haushi: cusa printk, mai fitar da saƙonnin kanel, cikin sashen kanel da ke kai firosesa barci. Kamar ka riƙa girgiza mutum kana tambayarsa ko ya yi barci ne. Kowane saƙo yana tayar da manhajojin da ke adana shi, matsalar ta ɓace ko ta sauya kama, kai kuma ka kwana kana murnar banza. Haɗin ssh da kake leƙen na'urar daga nesa ta cikinsa ma tayarwa yake yi. Ka kunna power:cpu_idle na ftrace, mai bin diddigin ayyukan kanel, ka janye hannunka na ɗan lokaci, sannan ka dawo ka karanta.

Da yawa kuma sukan rubuta processor.max_cstate=1 don hana barcin wuce C1, su ce bai yi aiki ba. To, cikin direbobin barci na kanel, acpi_idle kaɗai ke sauraron wannan. Duba fayil ɗin current_driver, mai nuna direban da ke aiki, tukuna. In intel_idle ne ke riƙe da ragama, intel_idle.max_cstate=1 ne nasa, kuma a injuna da dama ba ya kula da abin da ka kashe a BIOS. Da wannan dabarar masu kwamfutocin Bay Trail na Intel suka yi shekaru suna tsira daga daskarewa. Sai dai gwaji ce, batir ke biyan kuɗinta. In daskarewar ta tsaya, ka cire zaɓin, ka koma kana rubuta 1 a fayil ɗin disable na matakai ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya fito.

In kuma barci mai nauyi ya ƙi samuwa sam, kada ka yi saurin zargin menu ko teo, masu zaɓen mataki. Wataƙila wata manhaja ce ta buɗe /dev/cpu_dma_latency ta rubuta sifili, kuma muddin tana riƙe da shi a buɗe an hana nitso; umarnin lsof, mai nuna wanda ya buɗe fayil, zai tona ta.

Lambar kanel ɗin ma ka duba ta. A 2022 injiniyan AMD ya gano wani jinkiri da aka sa a acpi_idle tun 2002 saboda tsofaffin injuna yana rage wa sababbin firosesocinsu gudu, kuma sai a Linux 6.0 aka taƙaita shi ga na Intel.