Yadda ake manna manyan hotunan fuska a bango irin na JR

A 2007, JR, mai ɗaukar hoto ɗan Faransa, ya ɗauki fuskokin Isra'ilawa da Falasɗinawa masu sana'a ɗaya, direban tasi da direban tasi, malami da malami, ya manna su kafaɗa da kafaɗa a garuruwan ɓangarorin biyu da jikin katangar da ta raba su. Dabarar ita ce mai wucewa ya kasa tantance wane ne wane. Don haka kada ka rubuta addini ko ƙabilar kowa a ƙasan hoto. Da ka rubuta, ka ɓata aikin.

Fara da neman izini, na mai fuska da na mai bango. Ka faɗa wa mutum takamaiman inda hotonsa zai tsaya da wanda zai tsaya gefensa, domin shi zai ci gaba da kwana a unguwar bayan ka tafi.

JR ya yi amfani da gilashin kyamara mai milimita 28, wanda ke tilasta maka matsowa dab da mutum. A buga hoton fari da baƙi, a takarda marar kauri, falle-falle masu faɗin kamar santimita 90. Injin laser ake so. Tawadar ruwa zuba take yi da ta ji danshi.

Gam ɗin kuwa fulawa ce kofi 1, ruwa kofi 4. Dama fulawar da ruwan sanyi tukuna, sannan ka zuba a tafasasshen ruwa kana juyawa har ta yi kaurin koko. In ka zuba garin kai tsaye a ruwan zafi, gudaji zai yi, gudajin kuma shi ke yaga takarda. Bari ya huce. Kada ya wuce kwana biyu, tsami yake yi.

Share ƙurar bango da burushi, ka shafa gam, ka ɗora falle daga sama kana lailayawa daga tsakiya zuwa gefe don iska ta fita, sannan ka sake shafa gam a kansa. Kowane falle ya hau gefen ɗan'uwansa da santimita 2. Ka fara da fallen da ido yake ciki, don a nan karkata ta fi fitowa fili. Yi aikin da sassafe, zafin rana na busar da gam kafin takarda ta kama.