Daga tiya zuwa jini: yadda za a sarrafa hatsi da sukari a abincin gida

Tuwo, hura, kunu, shinkafa, garin rogo, burodi, rake da sukarin shayi duk dangi ɗaya ne. A lakkwal ana ce musu gilusid, littattafan Najeriya kuma kabohaidiret. Sinadarai uku ne suka gina su: kabon, haidurojin da oksijin. Ɗaya daga cikin ƙananansu shi ne gulukos, mai kabon 6, haidurojin 12, oksijin 6, kuma shi ne sukarin da ke yawo a jini. Sukarin shayi gulukos ne haɗe da furuktos, sukarin ƴaƴan itace. Sitacin da ke cikin hatsi kuwa gulukos ne ɗaruruwa ko dubbai da aka jera kamar carbi. Aikin yawu da hanji shi ne tsinka wannan carbi ƙwaya-ƙwaya. Ku riƙe lomar burodi a baki minti biyu kuna taunawa, za ku ji ta fara zaƙi: amilas, sinadarin da ke cikin yawu mai tsinka sitaci, shi ne ya soma aiki. A cikin dusar hatsi ma akwai carbin gulukos, sai dai irin ƙullin da cikin ɗan Adam ba ya iya kwancewa, shi ya sa take wucewa ta tausasa bayan gida.

Kowane giram ɗaya na gilusid yana ba da kalori 4, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Ƙwaƙwalwa kaɗai tana cin wajen giram 120 na gulukos a yini. Hanta tana ajiye kusan giram 100, tsoka wajen 400, abin da ya yi ta wuce buƙata kuma jiki ya mai da shi kitse.

A fara da awo. A cikin giram 100 na busasshen hatsi akwai gilusid giram 65 zuwa 70. Ɗanyar shinkafa kusan 80, dafaffiya wajen 28 saboda ruwan da ta sha. Garin rogo ya kai 80, busasshen wake wajen 60, dankali wajen 20. Tiya ɗaya ta hatsi kusan kilo 2 da rabi ce, ke nan tana ɗauke da gilusid wajen kilo 1 da giram 700. Baligin da ke buƙatar kalori 2000, idan rabi zai fito daga wannan dangi, giram 250 yake so a yini. Ashe tiya ɗaya ta isa manya kusan bakwai, kafin a lissafa burodin safe da shayi. Manomin da ke kan hauya a damina ya fi haka buƙata nesa ba kusa ba. Ɗan kasuwar da ke wuni zaune a shago bai kai haka ba, kuma galibi shi ne mai babban kwano.

Yawa kaɗai bai gama magana ba, saurin shiga jini ma abin dubawa ne, kuma a turmi ake yanke shi. Surfe mai tsanani, wanda ake bakacewa a wanke sau uku har tsaba ta yi fari fat, yana tafiya da dusa, da bitamin B, da wani kaso na sinadarin ƙarfe. A yi surfe sama-sama, a bar ɗan duhu a jikin tsaba. A injin niƙa kuma kada a nemi gari mai laushi kamar hoda in ba don jariri ba. Gwargwadon laushin gari, gwargwadon saurin narkewarsa. Shi ya sa dambu da tuwon tsaki suka fi riƙe ciki a kan koko da aka tace da ƙyalle, wanda an zubar da dusarsa, an dama, an kuma zuba masa sukari. Mai shan koko da ƙarfe bakwai, ƙarfe goma yunwa ta dawo.

Wuta ma tana da nata. Idan gari ya ji ruwa mai zafin digiri 60 zuwa 75, ƙwayoyin sitaci suna kumbura su fashe, abin da muke gani ke nan lokacin da talge ya yi kauri. Idan tuwo ya huce ya kwana, wani ɓangare na sitacin yakan sake ɗaurewa ya ƙi narkewa da sauri, kuma ɗumame ba ya warware shi duka. Ribar ba ta da yawa, amma akwai ta. Sai dai a zafin Maradi na watan Afrilu da Mayu abinci ba ya jira. A ɗumama har tururi ya ratsa tsakiyar malmala, wanda ya yi yauƙi ko wari a zubar. Shinkafar da ta wuni a buɗe ta fi haɗari, don akwai ƙwayar cutar da dafinta ba ya mutuwa da ɗumame.

A kwano, a raba wuri haka: rabi miya da ganye, kwata tuwo ko shinkafa, kwata wake, kifi, nama ko ƙwai. Dafaffen zogale da ƙuli-ƙuli, miyar kuka, kuɓewa, yakuwa, duk suna rage gudun sukari zuwa jini. Shinkafa da wake a yi su rabi da rabi, ba irin wadda ake ƙirga waken da ido ba. Hura a dama ta da nono mai yawa, a rage sukari kaɗan-kaɗan cikin mako biyu, harshe zai saba. Aya, wadda jihar Maradi ke nomawa da yawa, taunata ta fi kununta, domin abin da ake tacewa a zubar shi ne mai amfanin hanji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla giram 25 na wannan ɓangaren mara narkewa a yini, da giram 400 na ganye da ƴaƴan itace.

Ita dai hukumar, a shekarar 2015, ta ce sukarin da ake zubawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wato wajen giram 50 ga baligi, in an tsaya a 25 ya fi. Ƙwayar sukari ɗaya wajen giram 5 ce, ƙaramin cokali kuma 4. Kwalbar lemu mai santilita 33 tana da wajen giram 35, ƙwaya bakwai ke nan a zama ɗaya. A fada, a ƙirga ƙwayoyin da ke shiga butar shayi daga na fari zuwa na uku, a raba da yawan masu sha. Zuma ba mafaka ba ce, kusan kashi 80 nata sukari ne, busasshen dabino kuma ya haura 60.

Ga yaron da ya wuce wata shida, matsalar a juye take. Cikinsa ƙarami ne, kunun da ake tsinka masa da ruwa kuma kusan duk ruwa ne, sai ya ƙoshi bai ci komai ba. Maganin shi ne garin tsiro. A jiƙa hatsi awa 12, a tsane, a baza a kan jiƙaƙƙen buhu mai tsabta, a rufe, ana yayyafa ruwa safe da yamma kwana biyu zuwa uku har ya tsira. A shanya a rana ya bushe ƙayau, a murje tsiron da saiwar a sheƙe, sannan a niƙa. In dawa ce, cire tsiron wajibi ne, don yana da guba. Wanda ya yi funfuna a zubar. A dama kunu mai kauri da garin gujiya, a sauke, a bari ya ɗan huce, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na garin tsiro a kofi guda, a motsa. Cikin minti biyar zuwa goma amilas ɗin tsiro zai tsinka sitacin, kunu ya yi ruwa ba a ƙara ko ɗigo ba. Idan an zuba yana tafasa, zafi ya kashe amilas, kunu ya zauna yadda yake. Bayan ya tsinke a mayar wuta ya tafasa sau ɗaya, a ɗiga man girki cokali ɗaya. Zuma kuma ba a ba wanda bai shekara ba.

Mai ciwon sukari kada ya yanke tuwo gaba ɗaya alhali yana shan magani ko yana allurar insulin. Ya raba abincinsa ƙanana sau uku ko huɗu, a lokaci ɗaya kullum. Awon sukarin jini da safe kafin a ci komai, idan ya kai giram 1,26 a lita har sau biyu, ciwon ne. Ƙasa da 0,70 kuma sukari ya faɗi: gumi, makyarkyata, jiri, yunwa mai tsanani. A narka ƙwayar sukari uku a ruwa ya sha, a jira minti 15, a sake awo, in bai hau ba a maimaita, sannan ya ci abinci. Idan ya suma kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a nufi asibiti.