Yadda ake horar da 'yan ƙwallon makaranta da ƙwallo uku da fili mai tsidau

Malamin da aka danƙa wa ƙungiyar ƙwallon ƙafa a ƙaramar makarantar sakandare a arewacin Kamaru, ko a gefen Garwa yake ko a wani gari na ƙasar Marwa, yawanci abin da ake miƙa masa bai wuce usur ɗaya, da ƙwallo uku waɗanda ɗaya daga cikinsu ba ta riƙe iska, da wani fili a bayan azuzuwa wanda awakin unguwa suka fi ɗalibai sanin lungunansa. Ni ma haka na karɓi tawa, kuma na ɓata shekarar farko ina kukan rashin riguna da takalma, kafin na gane cewa abin da ya fi ƙaranci a hannuna shi ne lokaci, da kuma yawan taɓa ƙwallon da kowane yaro yake samu a cikin wannan ɗan lokacin.

Saboda haka aikinka na farko lissafin kwanaki ne. Ana komawa makaranta a watan Satumba, lokacin da damina ba ta gama tafiya ba kuma ciyawa ta rufe filin, don haka da wuya ka fara horo na sosai kafin Oktoba. Wasannin makarantu na FENASSCO, wato hukumar wasannin makarantu ta ƙasa, suna farawa ne daga matakin gunduma, sannan departema (yankin da ya haɗa gundumomi da yawa), sannan jiha, kafin waɗanda suka tsira su je gasar ƙasa, kuma makarantun sakandare suna cikin rukunin da ake kira Lig A. Idan kana da yammacin Laraba, wanda dama ake ware wa ayyukan da ba na cikin aji ba, ka kuma samu safiyar Asabar, to a cikin mako 12 zama 24 kawai za ka yi da yaran. Ka rubuta wannan adadi a takarda, ka rubuta abin da za ka koyar a kowane zama, ka kai wa shugaban makaranta ya sa hannu, domin ranar da wani malami zai so ya cike gurbin darasinsa da yammacin Laraba, takardar ce za ta yi maka magana. Idan ka je gaban ƙungiyar iyaye da malamai ta APEE neman kuɗi, kada ka fara da riguna. Ka roƙi ƙwallaye, da famfon iska da allurarsa, da jarkokin ruwa biyu, da kayan wanke rauni. Riguna ana iya samunsu a gwanjo ko a aro ranar wasa.

Kafin ka zaɓi yaro ɗaya, ka san gidansu. Yawancin yaran nan suna da aikin da ke jiransu: dashen masakwa a ƙarshen damina, tsinkar auduga idan sanyi ya shigo, kiwo, jiran shago, ko makarantar Islamiyya da yamma. Uban da bai san inda ɗansa yake ba zai hana shi zuwa ne daidai makon da ka fi bukatarsa. Na taɓa zuwa wurin mahaifin wani yaro mai tsaron gida, bayan mun gaisa na ce, "Baba, na zo neman izini ne a kan yaron nan, kwana biyu a mako, kuma kafin a kira magariba yana gida." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Malam, idan sakamakonsa ya faɗi fa?" Na ce, "Ranar da ya faɗi ni zan fara cire shi, Baba." Wannan alkawari dole ka cika shi ko da a kan gwaninka ne, kuma 'yan ajin jarrabawa, masu BEPC da Probatoire da Bakaloriya, ka rage musu zama tun daga zango na biyu. Yara za su kawo maka misalin Vincent Aboubakar, wanda ya buga wa Coton Sport ta Garwa kafin ya tafi Faransa a 2010, ya kuma ci ƙwallon da ta ba Kamaru kofin Afirka a kan Masar a 2017. Gaskiya ne, amma ka tuna musu yawan yaran da suka yi ƙwallo tare da shi a unguwa, ka kuma gargaɗi iyaye game da duk baƙon da zai zo ya ce a ba shi kuɗi ya fitar da yaro Turai.

Gyaran fili aikin yini ɗaya ne idan yaran duka suka fito da fartanya. Bayan an nome ciyawa, a jera su kafaɗa da kafaɗa su tsince duwatsu da fasassun kwalabe da ƙusoshi, sannan a ja tsohon bargo ko buhunan algarara a ƙasa sau da yawa, domin tsidau da ƙarangiya su manne a jiki a kai su a ƙone. Tsidau shi ne babban abokin gabar ƙwallonka da tafin ƙafar yaranka. Dokar wasa ta yarda da fili mai tsawon mita 90 zuwa 120 da faɗin mita 45 zuwa 90, don haka ba sai ka nemi irin babban filin wasa na Roumdé Adjia da ke Garwa ba. Domin kusurwa ta fita daidai, ka sami igiya mai mita 12, ka ƙulla ta a mita 3 da kuma mita 7, ka haɗa bakinta biyu, yara uku su ja ta har ta miƙe; kusurwar da ke tsakanin gefen mita 3 da na mita 4 ita ce madaidaiciya. Faɗin raga mita 7.32 ne, tsayinta mita 2.44, wurin bugun fenareti kuma mita 11 daga layin gida. Ka ja layi da tokar murhu, kada ka yi amfani da ɗanyen farin da ake shafe bango da shi, domin yana ƙona fata idan ya haɗu da gumi. Idan turakun raga na itace ne, a shafa wa gindinsu baƙin mai saboda gara, a binne su da zurfi, kuma a hana yara lilo a jikin sandar sama.

Yanzu ga inda yawancinmu muke yin asara. Malami ya zo, ya sa yara su zagaye fili sau goma, ya raba su sha ɗaya sha ɗaya, ya jefa ƙwallo ɗaya a tsakiya, sauran biyun suna cikin buhu, yara goma kuma suna zaune a gindin darbejiya suna kallo. Ka yi lissafin da kanka: minti 60 idan aka raba wa mutum 22, kowa bai kai minti uku da ƙwallo ba, ko da ba ta taɓa fita waje ba, kuma a zahiri manyan yara uku ko huɗu ne za su cinye rabon sauran. Amma idan ka yanka filin gida uku, kowanne kamar mita 30 da mita 20, ka sa huɗu da huɗu a kowanne, ƙwallayenka uku suna aiki a lokaci guda, yara 24 suna wasa, kuma rabon kowa ya haura minti bakwai. Waɗanda suka rage su huta a inuwa, su shiga bayan kowane minti biyar. Iyakar fili ba ta bukatar kayan kanti: gorunan roba da aka cika da yashi sun isa, ƙananan raguna kuma a yi su da silifas biyu kamar yadda yaran suka saba a unguwa. Domin bambanta ɓangarori, ka roƙi ƙyallaye masu launi biyu a wurin tela, a ɗinke su kamar ɗamara a rataya a kafaɗa.

A cikin waɗannan ƙananan wasanni ne za ka koyar, ta hanyar sauya doka maimakon yawan surutu. Idan yaranka masu son yanka ne, kowa yana so ya wuce mutum uku a yi masa tafi, ka ce ba wanda zai taɓa ƙwallo fiye da sau biyu. Idan 'yan baya suna maƙalewa a gida, ka ce ƙwallon da aka ci ba ta ƙirguwa sai kowa ya ƙetare rabin fili. Idan duk na dama ne, ka ce cin ƙafar hagu biyu ne. Bayan mako uku za ka ga yaro yana ɗaga kai ya duba kafin ƙwallo ta iso shi, wanda shi ne abu mafi wuyar koyarwa da baki. Ka tsayar da wasa ne kawai idan kuskure ɗaya ya maimaitu, ka nuna gyaran cikin rabin minti, da Faransanci ko Hausa ko Fulatanci, duk wanda yaron zai fi ji, sannan ka busa usur a ci gaba. Gudun zagaye fili kuma ka rage shi ƙwarai, domin yaron da ya tako kilomita huɗu zuwa makaranta ba juriya ce ta dame shi ba, kuma huɗu da huɗu na minti biyar ya fi zagaye goma fitar da numfashi.

Minti 20 na farko ka ba ɗumama jiki. Akwai tsarin da hukumar FIFA ta fitar mai suna 11+, wanda ya ƙunshi sassarfa, tsayuwa da ƙafa ɗaya, ƙarfafa cinya da ciki, da koyon dira bayan tsalle ba tare da gwiwa ta karkata ciki ba, kuma kusan babu abin da yake bukata sai fili. Sha ɗaya da sha ɗaya ka bar shi zuwa rabin sa'a na ƙarshe a ranar Asabar. A nan ma kada ka cika tsari: 'yan baya huɗu, 'yan tsakiya huɗu, 'yan gaba biyu, kowa ya san na gefensa. Ni da igiya nake koya wa 'yan baya tafiya tare, su huɗu su riƙe ta da tazarar mita goma a tsakaninsu, su matsa gaba ko gefe ba tare da ta tsinke ko ta yi lanƙwasa ba. Ka ba bugun kwana da bugun tazara minti goma kowane mako, domin a fili mai gargada, inda ƙwallo take tsalle yadda ta ga dama, ta nan ake yawan cin wasa. Mai tsaron gida kuma ka kai shi inda yashi yake da laushi ya koyi faɗuwa, kamar yadda yaran Marwa suke yi a cikin kogin Mayo Kaliyawo idan ruwa ya ɗauke.

Maganar zafi ba ta son sakaci. Daga Maris zuwa Mayu zafin Garwa da Marwa da Kusiri yana haura digiri 40, kuma na taɓa yin kuskuren kiran horo da ƙarfe biyu na rana a irin wannan lokaci domin ina gaggawar shirin wasa. Wani ƙaramin yaro ɗan tsakiya ya fara tangaɗi, ya amsa mini tambaya da abin da ban tambaye shi ba, sannan ya zube. Muka ɗauke shi zuwa inuwa, muka cire masa riga, muka yi ta kwarara masa ruwan jarka muna fifita, aka ɗora shi a babur zuwa asibiti, Allah ya sa abin ya zo da sauƙi. Tun daga ranar ba na fara horo kafin ƙarfe huɗu a bazara, kuma kowane minti 15 ana tsayawa shan ruwa ko yaro ya ce yana jin ƙishi ko bai ce ba. Ka riƙa ajiye ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yaron da ya rikice ko ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a sanyaya jikinsa a kai shi asibiti. Azumin 2024 da na 2025 duk a watan Maris suka faɗo, kuma a irin wannan hali horo mai sauƙi na minti 40 dab da shan ruwa ya wadatar. A lokacin hunturu ka lura da masu asma saboda ƙura, ka kuma tambayi iyaye tun farko ko akwai mai ciwon sikila. Wanda ya bugu a kai har ya ga jiri ya gama wasa a ranar, ko shi ne kaftin. Targaɗen da yaro ya kasa taka ƙafa a kansa a fara kai shi a duba kafin a je wurin mai ɗori, wanda ƙusa ta soka kuma a tabbatar ya sami allurar tetanus.

Sai takardu, waɗanda suka fi rauni fitar da ƙananan makarantu daga gasa. Yara da yawa a wannan yanki ba su da takardar haihuwa, kuma samun hukuncin kotu da ke maye gurbinta yana ɗaukar lokaci, don haka tun a Oktoba ka tattara kwafin takardar kowane yaro da hotonsa da shaidar cewa ɗalibin makarantar ne, ka sa a ambulan ɗaya da ba ya barin jakarka. Za a zo maka da shawarar ka ɗauko wani ƙato daga unguwa ka ba shi sunan ɗalibi, ko ka rage wa wani shekaru. Ka ƙi. Abokan karawa sun san yaran garinku kamar yadda ka san nasu, kuma ƙorafi ɗaya a rubuce ya isa a ƙwace wasan da kuka ci, ban da haɗarin haɗa ɗan shekara 20 da ɗan shekara 14 a kan ƙwallo ɗaya. Idan 'yan mata suka nemi tasu ƙungiyar, tsarin nan duka yana yi musu aiki, sai dai ka nemi malama ta riƙa zama tare da ku, kuma ziyarar gidaje ta fi zama dole.

Ranar wasa a ci abinci sa'a uku kafin a fara, ko da kunu da ƙosai ne, a tafi da gyaɗa da dabino da ruwanku, a kuma tabbatar da motar dawowa kafin a tashi. Idan kakar ta ƙare, ka wanke ƙwallayen, ka kai mai huda wurin mai faci, ka rage musu iska, ka rataye su cikin buhu a ofishin da rana ba ta shiga kuma ɓera ba ya kai wa. Sannan ka buɗe littafinka ka rubuta sunayen 'yan ƙananan azuzuwa da ka gani suna buga ƙwallon tsumma a lokacin hutun tara, da ajin kowanne da unguwarsu, domin da su za ka fara a Oktoba mai zuwa.