Yadda za ka ɗaura tsohon lens da filasha a sabuwar kyamara

In kana da tsofaffin lens na zamanin fim kar ka yar da su, yawancinsu suna hawa kan kyamarar dijital, adafta kawai za ka nema. Kyamara marar madubi ta fi sauƙin sha'ani don tazarar bakinta zuwa sensa gajeriya ce, ta Sony E milimita 18 ce, shi ya sa tsofaffin lens masu baki irin M42 da Canon FD da Nikon F duk suke zama a kanta. Amma lens ɗin FD a kan kyamarar Canon mai madubi, mai bakin EF, wahala ce kawai, ba zai kamo abu mai nisa ba sai da adafta mai gilashi, hoton kuma ya rage kyau.

Ka shiga saiti ka kunna ɗaukar hoto ba lens, ka sa kyamarar a M (komai da hannu) ko A (kai ka zaɓi buɗe ido, ita ta zaɓi saurin ɗauka), fokas da buɗe ido duk da hannu za ka murɗa.

Filasha kam a nan ake ɓarna. Wasu tsofaffin Vivitar 283 suna turo wuta sama da volt 200, wasu kyamarorin kuwa 6 kawai suke jurewa. Ka kunna ta ta cika, ka auna da mitar auna wuta tsakanin fil ɗin tsakiya da ƙarfen gefe na ƙafar filashar, in ta yi yawa kar ka ɗora, ka sa Wein Safe-Sync, wata 'yar adafta mai rage ƙarfin wutar, a tsakanin filashar da kyamarar.